Lawali, Na'ura Ta Ce Ba Ta Same Ka Ba

Shekara huɗu ke nan da muka kai Lawali makwancinshi a Hawandawaki. Ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, kuma duk wanda ya san mu ya san tun muna yawo ba wando ba mu taɓa yi wa juna maganar kirki ba. Shi ya ce ni bawanshi ne, ni in ce shi ne nawa, a haka muka girma. Saboda haka masu karatu ku yi mini haƙuri, ba za ku ji irin yabon da manya ke rubutawa a wanga shahi ba. In na tashi yabon Lawali yau, ko daga kabari zai ce wani abu nike nema. Kuma da ma ni ba marubuci ba ne. Sunana Illa, lakkwal ɗina a sankiyam ta tsaya, aji biyu na koleji ke nan, kabu-kabu nike yi a Tasawa. Abin da ya zaunar da ni na yi wanga rubutu gajiya ce, kuma wanda ya jawo mini ita ba ya nan balle in zage shi ido da ido.

Lawali rabi da rabi ne. Ubanshi, kawuna, manomi ne ɗan manomi. Uwarshi ɗiyar makiyaya ce, masu raƙuma da tumaki, daga wajen Maireyrey. In yana gidan uba ya ji ana cewa makiyaya sun hana mutane sakat, in ya tahi hutu wurin dangin uwa ya ji ana cewa manoma sun cinye burtali. Kowane kunnenshi da abin da aka zuba mishi. Ya yi karatu a Maradi, ya komo da tabarau da wata odinatar, kwamfuta ke nan, mai tsagaggen murhi, ya samu ɗan aiki a wani poroje nan Tasawa. Ni Injiniyan Awaki nike ce mishi, kuma ga dalili.

Wanda bai zauna ƙasarmu ba ba zai gane abin da ɓatan dabba ke jawowa ba. Gero ya kusa nuna, akuya ko raƙuma ta kuɓuce daga garke ta faɗa gonar wani. Mai gona ya kama ya ɗaure. Mai dabba yana can yana bin kasuwanni, daga wagga zuwa waccan, ya ba sankira mai shelar kasuwa cigiya, ya jira. Kahin su haɗu kowa ya cika ya batse. Wanga ya ce an ci mishi gona kuma ga shi yana ciyar da dabbar da ba tashi ba, wancan ya ce da gangan aka ɓoye mishi dukiya. Daga baki sai sanda. Mun ga wanda aka kai likita a amalanke saboda tunkiya guda.

Shi ne Lawali ya haɗa wata 'yar apilikasiyo ta salula, mutane suka sa mata suna Cigiya. Kar ku ɗauka wani mugun ilimi ne, a gabana ya yi ta. Akwai wani dandali a intanet da ake haɗa irinsu ba sai ka iya dogon rubutun nan na masu odinatar ba. Kamar jera bulo ne: ka jawo akwatin hoto ka ajiye nan, ka jawo maɓalli ka ajiye can, ka ce in an danna wanga a aika wancan. Na ce mishi wannan ai ko ni na yi. Ya ce, "To bisimilla, bawa," ya turo mini. Abu guda na jawo komai ya ɓace, ya yini bai yi mini magana ba. Aikin Cigiya kaɗan ne. Ka tsinci dabba, ka ɗauki hotonta da na shaidar da ke wuyanta ko kunnenta, ka danna koren maɓalli, saƙo ya tahi duk gari da zangon da ke da Cigiya. Mai dabba ya gani, ko wani ya gaya mishi, tun zuciya ba ta yi zahi ba.

Ni na yi ta ɗaukarshi a moto muna sa ta a wayoyi, Hawandawaki, Sarkin Hausa, har Maireyrey, yashi na kama taya, shi yana baya rungume da jaka yana cewa ban iya tuƙi ba. A kowane wuri waya guda ake nema: ta mai shagon sharji, ta malamin lakkwal, a zango kuwa ta wanda ya hi kowa juriyar hawa tudu neman rezo. Matsalar ita ce kowa sai an buɗe mishi kont nashi, da imel, da kalmar sirri. Wa ke da imel a zango? Wanda ka buɗe wa yau, jibi ya manta kalmar. Lawali ya gaji, ya yi abin da duk ɗan ƙasarmu zai yi: ya riƙa sa nashi kont ɗin a kowace waya. Kowa ya zama Lawali. Na ce mishi, "Kai ɗaya ma ka ishe mu, shi ne za ka raba kanka gari-gari?" Ya ce na ɗan lokaci ne, in an gama kaka zai zauna ya gyara. An gama kaka ciwon ciki ya kama shi, bai daɗe a kwance ba Allah ya karɓi abinshi.

Muna zaune a tabarmar makoki wayata ta yi ƙara. Na duba. "Daga Lawali: an tsinci jar akuya mai yankakken kunne." Ashe wani ne can wajen Sarkin Hausa ya danna kore, shi ke nan. Na nuna wa na kusa da ni, ya nuna wa na kusa da shi, babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya ce a cire. Daga ranar ba a sake tada maganar ba. Shekara huɗu Lawali yana cigiya. Da sahe yana Maireyrey ya ga raƙumi, kahin hantsi yana Hawandawaki ya kama jaki. Ina gaya wa mutane bai taɓa aiki haka ba sanda yake da rai. Ni kuma na zama ɗan gyara ba wanda ya naɗa ni. In waya ta ƙi, a kira Illa, ai shi ke ɗauko shi. Na ɗauka kunya ce ta hana a taɓa sunan, don wa zai buɗe baki ya ce a goge ɗan mutane uwarshi na raye?

Bana masu dandalin suka aiko cewa sun gina sabon gida, za su ruhe tsohon, kowa ya kwashe kayanshi. Madam Zuwaira, wadda ke kula da na'urorin poroje ɗin yanzu, ta kira ni biro. Mace ce mai haƙuri, ba ta taɓa ganin Lawali ba, ɓarnar da ya bari kawai ta tarar. Ta ce abin ba wuya, a ƙulle Cigiya cikin ƙunshi guda daga tsohon gida, a shigar da ƙunshin a sabo. Ta ce kahin in gama shayi an gama. Masu karatu, na sha shayin da ban san iyakarshi ba a biro ɗin nan.

Akwai wani shuɗin layi da ke tahiya a allo, in ya kai ƙarshe an shiga. Ranar farko ya yi rabi ya koma ja. Madam ta buɗe wani dogon bayani da na'urar ke zubowa in ta ƙi aiki, faransancin da ban kai ajinshi ba, ta bi shi da yatsa. Wai ƙunshin ya yi nauyi. To ba dole ba? Duk akuyar da ta taɓa ɓata tsakanin Tasawa da Mayahi hotonta na ciki, har da hotunan yatsun mutane, da na ƙasa, da na wani tsoho da ya ɗauki huskarshi maimakon ta ragon. Muka ware hotunan gehe a kan za su shigo daga baya. Muka sake. Ja. Yanzu wai tana neman sunayen garuruwa ba ta gani ba, don Lawali ya ajiye su a wani ɗaki daban, kuma su ya kamata su riga ta shiga. Muka shigar da su. Kuran, wutar lantarki ke nan, ya ɗauke. Da ya komo, rezo ya tahi. Muka sake. Ja. Wai igiyar da ke haɗa ta da mai aika saƙo irin ta da ce, sabon gida bai san ta ba, sai an ƙulla wata. Madam ta yini tana ƙullawa, ni ina hita in kai fasinja in komo in tarar da ita yadda na bar ta, hannu ɗaya a tagumi.

Nakan zauna a bencin ƙofar biro in ce, da Lawali na nan me zai ce? Na san shi. Zai cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce ai tun farko ya san a gidan haya ya yi gini, sannan ya nemi yadda zai ɗora mini laihin. Amma ina jin zai tsorata da yadda abin ya yi girma. Shi ya yi ta ne don ya huta da rabon faɗa tsakanin dangin uba da na uwa, ga shi yau samari a zango sun tashi ba su san ana ba sankira cigiya ba. Sankiran ma ya tsufa, ya koma sayar da goro. Tsohuwar hanya ta mutu, sabuwa na rataye da wani layi da ba ya son kaiwa ƙarshe.

Ranar da layin ya wuce duk inda ya saba tsayawa, har miƙewa na yi. Saura ƙiris. Ja. Madam ta karanta, ta juyo da allon wajena. Wannan kam ko ni na iya karantawa: propriétaire introuvable. Ba a samu mai ita ba.

Na ce, "Madam, gaya mata yana Hawandawaki, gabas da gari. In tana so in kai ta a moto."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce da aka zo kwashe kaya an ruhe kont ɗin duk wanda ba ya aiki a poroje, har da nashi. Kowane akwati da kowane maɓalli na Cigiya sunanshi ne a kai, kuma sabon gida ba ya karɓar kayan da ba mai su.

"To mu buɗe mishi sabo mana."

"Da wace huska? Sai kart ɗin dantite na shaidar ɗan ƙasa, da mutum a gaban kamara, da lambar da za a aiko wa kod. Kuma sunan da ke kan kart ɗin shi zai hito a kan kowane saƙo. Illa, wannan ita ce mahi sauƙi cikin duk abin da muka sha. Kawo mini suna guda na mai rai, bon, a gama."

Na fara da Maigari Nomau, wanda manoman yankinmu ke jin maganarshi. Ya ce a sa ɗanshi mana, yaro ya yi karatu. Na hau moto na yi arewa wurin Baba Agali, wan uwar Lawali, tsohon da in ya yi gyaran murya zango ke yin tsit. Ya saurare ni har na gama yana juya shayi. Ya ce, "Ɗan maigarin da gonarsu ke bakin burtali? Mai suna a kai shi ke iya gogewa da ƙarawa, ko ba haka ka ce ba?" Ya ce a sa jikanshi. Na komo da wannan, Maigari ya ce, "Wato mai akuya shi zai riƙa ba mu labarin inda akuyar ta shiga?" Na ce to a sa sunan poroje. Baba Agali ya ce duk saƙon da ya zo da sunan biro, ƙirga dabbobi ake yi, babu wanda zai ƙara nuna hoton ko kaza. Sunan meri, biron magajin gari, kuwa ban ma kai shi arewa ba, a hanya na yar da shi.

Ana cikin wanga kai-komo aka ruhe tsohon gida. Wayoyi suka yi shiru. Gero kuwa bai jira mu ba, ya hidda kai ya fara nuna. Ba a jima ba aka ɗaure raƙuma a wani ƙauye gabas da Sarkin Hausa, mai ita bai ji ba sai a bakin 'yan kasuwa, ya zo da 'yan'uwanshi. Ni na ɗauko saurayin da aka fasa wa kai. A tsakiya muka sa shi, ni gaba wanshi baya, jini na bin bayan rigata har likita. Ya rayu, alhamdu lillahi. Amma daga ranar na daina yi wa Madam barkwanci.

Ranar kasuwa na samu na haɗa tsofaffin biyu a rumfar mai shayi. Isansin motona ya ƙare, haƙurina ya ƙare, na manta da girma na ce, "Baba, ku dubi Allah. Shekara huɗu kuna karɓar magana daga mamaci ba ku ce uffan ba, yanzu duk masu ran ƙasar ga ba wanda ya yi muku?"

Baba Agali ya gyara rawani. "Kai yaro, ka ɗauka ba mu san ya mutu ba? Ni na riƙe ƙafar makara. Mamaci ba ya da gona, ba ya da garke. Dalilin ke nan."

Maigari ya gyaɗa kai. Ban taɓa ganin sun yarda da abu guda ba sai ranar. Sai ya dube ni daga hula har takalmi, irin kallon da ake yi wa jaki a kasuwa.

"Agali, wanga fa? Illa, akuya nawa gare ka?"

"Ko kaza, ranka ya daɗe."

"Gona fa?"

Baba Agali ya riga ni. "Wannan? Ko moton ba na jin nashi ne."

"Nawa ne, Baba!"

"To mun ji. Moto ba ya cin gero, ba ya nomawa."

Maigari ya ce, "A duk ƙasar ga ba mu da wanda ya kai shi kusa da mamaci." Suka bushe da dariya su biyu, har da tafawa.

Ni ma na yi dariyar, don aikina ke nan. Abin da ba su sani ba, bana tsohona ya kama hannuna ya kai ni bayan gari ya nuna mini hili, daga gawo zuwa suri, ya ce in daminar baɗi ta faɗi nawa ne. Ya gaji da ganin ɗanshi na yini a titi. Ni ma na gaji. Yashin nan ya cinye mini ƙugu, kuma akwai gidan da na je neman aure aka gaya mini ba za a saurare ni ba sai na zama mai gona. Har inda zan kafa rumbu na riga na zaɓa a raina.

Na tahi gida na tarar da tsoho yana gyaran ƙotar hauya. Na tsuguna na gaya mishi komai. Ya ci gaba da gyaran ƙotar.

"Wato gonar ba ka so."

"Ina so, Baba. Amma in na karɓa, gobe in na ce an tsinci raƙumi, za a ce ɗan gona ne ya faɗa."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

Ya buga ƙotar da ƙasa ya duba ko ta zauna. Ya ce, "Lawali ya yi maka wayo yana kwance." Sannan ya ce ƙanena zai noma hilin. "Tuwo dai in ka zo gida ka ci, wannan ba wanda zai gani."

Washegari na kai wa Madam kart ɗina. Ta tsayar da ni gaban kamara, ta ce in daina murmushi, na ce huskar ce haka. Kod ya shigo wayata. Ta shiga bin akwati-akwati, maɓalli-maɓalli, tana cire sunanshi tana sa nawa. Na hita waje don ban iya kallo ba. Da ta kira ni, layin ya kai ƙarshe. Ba ƙara, ba komai, wata 'yar alama ce kawai a gehen allo. Na ɗauka ran da aka shiga tsalle zan yi. Zama na yi. Daga nan na sake bin garuruwan da zangunan ɗaya bayan ɗaya ina sabunta wayoyi, bayan moto ba kowa.

Saƙon farko daga wajen Maireyrey ya hito. "Daga Illa: an tsinci baƙin jaki mai tabo a gadon baya." Na jingine moto a inuwa na zuba wa wayar ido. Fasinja ya zo na ce ba isansi. Hantsi ya wuce, aka yi azahar, shiru. Na ce shi ke nan, na yar da gona a banza. Wajen la'asar wata lamba da ban sani ba ta kira. Muryar dattijo ce, iska na kaɗawa a bayanshi.

"Salamu alaikum. Kai ne sabon mamacin?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"To jakin nawa ne. A ce su ba shi ruwa, ina tahe."

Lawali, in kana son sanin abin da ya rage naka, ga shi. Cigiya kanta ba ta da tabbas, wata rana masu gidan za su sake cewa a kwashe, kuma ƙila ranar ba ni ba Madam. Sunanka ya sauka daga wayoyi. Na je in ba uwarka haƙuri, ta ce in bari, sai yanzu ta ji ka kwanta. Abin da ka bari dai wani ɗan wuri ne a tsakiya, ba na manomi ba, ba na makiyayi ba, kuma mutane sun saba da shi har sun hi son a samu mai zama a wurin ko da irina ne. Kai ka zauna shekara huɗu ba ka nemi komai ba, don ba ka jin yunwa, ba ka neman aure, ƙugunka ba ya ciwo. Ni duk ina yi. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yahe maka har da wannan. Ka huta da kyau, don wallahi ya kamata a ce ɗayanmu na hutawa.